Shin takunkumin tattalin arziki na iya warware rikicin iyakar teku?

Tambayar da aka aiko ita ce: idan wata ƙasa ta kutsa cikin ruwan da maƙwabciyarta ke cewa nata ne, ta tura jiragen haƙar mai, ko ta kori masunta, ko ta gina sansani a kan wani tsibiri da ake taƙaddama a kansa, me ya hana ƙasashen duniya ƙaƙaba mata takunkumin tattalin arziki har sai ta janye, kuma a wuraren da aka ƙaƙaba ɗin, ya yi tasiri kuwa?

Amsata a taƙaice ita ce, takunkumi ba ya sa ƙasa ta sauka daga iƙirarin mallakar ruwa ko tsibiri, domin irin wannan iƙirari yana cikin abubuwan da gwamnatoci ke ganin kujerarsu na rataye a kansu. Abin da yake iya yi, idan an tsara shi da hankali, shi ne ya tsadantar da wani takamaiman aiki, kamar haƙar rijiya ko kama jirgi, har mai yin sa ya ga cewa dakatawa ta fi masa riba. Tsakanin iƙirari da aiki akwai tazara babba, kuma galibin takunkumin da ya ci tura a wannan fage ya ci tura ne saboda masu sanya shi ba su bambance su ba, ko kuma sun zo bayan aikin gama ya gama.

Sai mai tambaya ya fara fahimtar abin da ake jayayya a kansa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sanya wa hannu a 1982 ta kuma fara aiki a 1994, ta ba kowace ƙasa mai gaɓa cikakken iko a kan ruwan da bai wuce mil 12 na teku daga gaɓarta ba, sannan ta ba ta haƙƙin cin moriyar kifi da mai da iskar gas ita kaɗai har zuwa mil 200, wato kimanin kilomita 370. Matsalar ita ce tekuna da dama ba su kai faɗin da za su ɗauki mil 200 na kowane ɓangare ba, don haka dole a ja layi a tsakani, kuma yarjejeniyar ba ta faɗi yadda za a ja shi dalla-dalla ba, ta ce ne kawai a cimma matsaya ta adalci. Ga kuma batun tsibirai. Tsibiri na gaske yana da nasa mil 200, dutsen da mutane ba za su iya rayuwa a kansa ba yana da mil 12 kawai, tudun da ba ya bayyana sai ruwa ya janye kuwa ba shi da ko ɗaya. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne yarjejeniyar ba ta tsoma baki ko kaɗan a kan tambayar wane ne mai tsibirin, alhali daga tsibirin ne ake fara awo.

A ɗauki ƙaramin tsibirin Kastellorizo na ƙasar Girka, wanda ke da nisan kimanin kilomita 2 daga gaɓar Turkiyya amma ɗaruruwan kilomita daga babban yankin Girka. Girka na cewa tsibiri ne da mutane ke zaune a kansa, saboda haka yana da nasa yankin albarkatu kamar kowane tsibiri. Turkiyya, wadda ba ta ma shiga yarjejeniyar ta 1982 ba, na cewa ba adalci ba ne ɗan ƙaramin tsibiri ya toshe wa doguwar gaɓarta hanyar zuwa tsakiyar Bahar Rum. Kowannensu yana da hukunce-hukuncen kotu da zai kafa hujja da su, domin kotunan duniya sun sha rage wa ƙananan tsibirai tasiri wajen jan layi, sun kuma sha tabbatar musu da shi. Wanda zai sanya takunkumi a irin wannan hali ya riga ya naɗa kansa alƙali a shari'ar da ba a kai ta gaban kowace kotu ba. Wannan shi ne babban bambancin rikicin teku da mamayar ƙasa, inda sojoji suka tsallaka iyakar da kowa ya sani, babu mai buƙatar a tafsira masa wanda ya yi laifi.

Duk da haka, rashin jan layi bai nufin kowa ya yi abin da ya ga dama. Sashe na 74 da na 83 na yarjejeniyar sun wajabta wa ƙasashen da ba su daidaita iyakarsu ba su yi iya ƙoƙarinsu wajen ƙulla tsarin wucin gadi, kuma kada ɗaya ta yi abin da zai dagula cimma matsaya ta ƙarshe. Shari'ar Guyana da Surinam ta fayyace ma'anar wannan. A watan Yunin 2000 jiragen sintirin Surinam suka je wurin wata na'urar haƙar mai da ke aiki da lasisin Guyana a ruwan da ake jayayya a kai, suka umarce ta da ta tattara ta bar wurin cikin sa'o'i 12. Kotun sasanci da ta yanke hukunci a 2007 ta ce ɓangarorin biyu duk sun yi laifi: Guyana ta yi kuskure da ta ba da izinin haƙa ba tare da tuntuɓar maƙwabciyarta yadda ya kamata ba, Surinam kuma ta yi barazanar amfani da ƙarfi. Kotun ta nuna cewa binciken ƙarƙashin teku da ba ya barin tabo abu ne da za a iya lamunta, amma huda ƙasa da ke sauya yanayin wurin har abada ba haka yake ba. A nan ne takunkumi ke samun ƙasar da zai tsaya a kai, domin ana iya cewa da ƙasa ta daina haƙa ba tare da an ce ruwan ba nata ba ne.

Sai batun wanda ke da hurumin sanyawa. Takunkumin da ya zama wajibi a kan duk duniya shi ne wanda Kwamitin Sulhu ya zartar a ƙarƙashin sashe na 41 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma wannan ƙofa a rufe take a manyan rikice-rikicen teku, tunda Sin da Rasha suna da ikon hawa kujerar na-ƙi, sauran ƙasashen da ke cikin irin wannan taƙaddama kuma kusan kowace tana da uban gida a cikin manyan ƙasashe biyar masu kujerar dindindin a kwamitin. Ko ƙasar da ta yi nasara a Kotun Duniya, abin da kundin ya tanadar mata idan abokiyar shari'arta ta ƙi bin hukunci shi ne ta kai kuka gaban wannan kwamitin, kuma Nikaragua ta gwada hakan a 1986 bayan ta kayar da Amurka, sai Amurka ta hau kujerar na-ƙi, zance ya mutu. Abin da ya rage shi ne takunkumin da ƙasa ɗaya ko gungun ƙasashe ke sanyawa da kansu. Wani ɓangarensa ba ya buƙatar wata hujja, kamar hana biza ko yanke tallafi, domin ba dole ba ne ƙasa ta ba kowa biza ko kyauta. Wani ɓangaren kuwa, irin wanda ke karya alƙawarin kasuwanci ko toshe dukiyar wata ƙasa, ba ya halatta sai a matsayin martani ga laifin da aka riga aka aikata, kuma dole ya yi daidai da girman laifin, ya zama na ɗan lokaci, a kuma janye shi da zarar an gyara. Ko ƙasar da ba ita aka cuta kai tsaye ba tana da damar ɗaukar irin wannan mataki a madadin wadda aka cuta, wannan batu ne da masana dokar ƙasa da ƙasa ke ta muhawara a kansa har yau.

Dokar kasuwanci ma tana da nata tarko. A ƙarshen 1999 Honduras ta amince da wata yarjejeniyar iyakar teku da ta ƙulla da Kolombiya tun 1986, wadda Nikaragua ke ganin ta yanke mata wani yanki na ruwanta a tekun Karibiyan. Nikaragua ta mayar da martani da ɗora harajin kashi 35 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga ƙasashen biyu. Aka kai ta ƙara gaban Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, ta kare kanta da cewa batu ne na tsaron ƙasa. Harajin ya cutar da 'yan kasuwar ɓangarorin biyu, bai sa Honduras ta soke komai ba, a 2003 aka cire mata shi, iyakar kuma ba a ja ta ba sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2007 a ƙarar da Nikaragua ta shigar tun lokacin da ta sanya harajin.

Misalin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Tarayyar Turai da Turkiyya, domin a nan ne aka gina takunkumi musamman saboda haƙa a ruwan da ake jayayya a kai. A 2019 Turkiyya ta tura jiragen haƙa biyu, Fatih da Yavuz, zuwa ruwan da ke kewaye da tsibirin Saifurus, tana cewa wani ɓangare nasa yana kan shimfiɗar ƙarƙashin tekunta, wani kuma tana aiki ne da izinin Turkawan arewacin tsibirin, wanda ya rabu biyu tun 1974. Tarayyar ta fara da matakai masu sauƙi a watan Yuli, ta dakatar da tattaunawar yarjejeniyar sufurin jiragen sama ta kuma rage tallafin da take bai wa Turkiyya, a watan Nuwamba ta kafa tsarin takunkumi na hana shiga da toshe kadarori, a watan Fabrairun 2020 kuma ta sanya sunaye a ciki. Sunaye biyu ne kacal, na wasu manyan jami'an kamfanin mai na gwamnatin Turkiyya, TPAO. Kamfanin da kansa ba a taɓa shi ba, bankuna ba a taɓa su ba, haɗin gwiwar kwastan da ke ɗauke da kasuwancin ɓangarorin biyu ma ba a taɓa shi ba.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Takunkumin Tarayyar Turai sai duk mambobi sun amince, kuma Jamus da Italiya da Sifaniya suna da jari da bashi da kasuwa a Turkiyya, ga yarjejeniyar 2016 da ta ɗora wa Turkiyya riƙe miliyoyin 'yan gudun hijira, ga kasancewarta cikin ƙawancen NATO. Abin ya kai ga a watan Satumbar 2020 Saifurus ta riƙe takunkumin da ake son sanya wa jami'an Belarus na tsawon makonni, tana cewa sai an haɗa da Turkiyya, daga baya ta sassauta ba tare da ta sami abin da ta nema ba. A wannan bazarar ce jirgin binciken Turkiyya mai suna Oruç Reis ya fita kudu da Kastellorizo tare da rakiyar jiragen yaƙi, har wani jirgin yaƙin Girka da na Turkiyya suka gogi juna. Amma kafin taron shugabannin Tarayyar na watan Disamba, inda aka yi ta barazanar ƙara matsa lamba, Yavuz ya bar ruwan Saifurus, Oruç Reis ya koma tashar jiragen ruwa, a watan Janairun 2021 kuma Girka da Turkiyya suka koma teburin tattaunawa. Mai son yabon takunkumi zai ce ga shi ya yi aiki. Ni dai abin da nake gani shi ne barazanar babban takunkumi ta yi tasiri fiye da ƙaramin da aka sanya, kuma ta yi tasirin ne saboda ta zo daidai lokacin da kuɗin Turkiyya ke faɗuwa, sabuwar gwamnati na shirin hawa a Amurka, sannan an gano iskar gas a Bahar Aswad a watan Agustan 2020, wanda ya ba jiragen haƙar wurin aiki inda babu mai jayayya da su. Iƙirarin Turkiyya kuwa yana nan daram, haka ma yarjejeniyar iyakar teku da ta ƙulla da gwamnatin Libiya a Nuwambar 2019, wadda Girka ke cewa ta yi watsi da tsibirinta na Kiriti.

A Tekun Kudancin Sin darasin na lokaci ne. Tsakanin 2013 da 2015 Sin ta yi ta yashe rairayi daga ƙasan teku tana zubawa a kan duwatsu da tudun murjani a tsibiran Spratly, har ta samar da sabuwar ƙasa da ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta ta haura eka 3,200, ta kuma shimfiɗa titin saukar jiragen sama mai tsawon kusan kilomita 3 a wurare uku. A ranar 12 ga Yulin 2016 kotun sasanci da ta zauna a birnin Heg kan ƙarar da Filifins ta shigar ta yanke cewa layin nan mai ɗigo tara da Sin ke zanawa a taswirarta ba ya ba ta wani haƙƙi na tarihi a kan albarkatun tekun, kuma babu ko ɗaya daga cikin tsibiran Spratly da ya cancanci yankin mil 200. Sin ta ƙi halartar shari'ar, ta kuma yi fatali da hukuncin. Sai a watan Agustan 2020 Amurka ta sanya kamfanonin Sin 24 da suka yi aikin ginin, ciki har da rassan katafaren kamfanin gine-gine na CCCC, a jerin waɗanda ba za a sayar musu da kayan Amurka ba sai da lasisi, a Janairun 2021 kuma ta ƙara da kamfanin mai na CNOOC. Ihu bayan hari ke nan, domin tsibiran sun riga sun tsaya shekara biyar da ta wuce, kamfanonin yashe rairayi kuma ba su dogara da kayan Amurka ba balle a ce an kama su a wuya. Ga kuma wani rauni da Sin ba ta gajiya da nunawa, cewa Amurka da ke hukunta wasu da sunan dokar teku ita kanta ba ta tabbatar da yarjejeniyar ta 1982 ba.

Abin da ya faru a mashigin Kerch, wanda ke haɗa Bahar Aswad da tekun Azov, ma ya bi wannan salo. A Nuwambar 2018 Rasha ta kama jiragen sojin ruwan Yukren uku da ma'aikatansu 24, a watan Maris na 2019 Tarayyar Turai ta sanya wa jami'an Rasha takwas takunkumi, Amurka da Kanada ma suka ɗauki nasu matakan, a watan Mayu kotun dokar teku da ke Hambag ta umarci a sake su, amma ba a saki ma'aikatan ba sai a watan Satumba cikin musayar fursunoni.

Me ya sa ƙasashe ke jure wa matsin tattalin arziki a kan batun ruwa? Tarihin Aisland da Birtaniya ya amsa wannan fiye da kowane nazari. A 1952 Aisland ta faɗaɗa iyakar kamun kifinta daga mil 3 zuwa mil 4, sai masu jiragen kamun kifi na Birtaniya suka hana a sauke kifin Aisland a tashoshinsu, alhali Birtaniya ce babbar kasuwar ɗanyen kifinta, kifi kuma shi ne kusan duk abin da ƙasar ke sayarwa a waje. A lissafin takarda, ƙasar da mutanenta ba su kai 200,000 ba a lokacin ya kamata ta durƙusa cikin watanni. Maimakon haka ta ƙara zuba jari a masana'antar daskarar da kifi, ta ƙulla ciniki da Tarayyar Sobiyet a 1953, Amurka kuma da ta ga ƙawarta ta NATO na karkata zuwa Mosko sai ta ƙara sayen kifin ita ma. A 1956 aka janye haramcin, mil 4 na nan. Daga nan Aisland ta tafi mil 12 a 1958, mil 50 a 1972, mil 200 a 1975, jiragen sintirinta na bin jiragen Birtaniya suna datse igiyoyin tarunsu da wani ƙarfe da suke ja a ƙarƙashin ruwa, kuma a kowane zagaye ita ce ta yi rinjaye, domin tana da makamin da ya fi na Birtaniya kaifi, wato barazanar rufe sansanin NATO na Keflavik da ke ƙasarta. Ga Birtaniya batu ne na wasu garuruwan masunta, ga Aisland kuwa batu ne na rayuwar ƙasa baki ɗaya, kuma wanda abin ya fi shafa shi ke fin juriya. Haramcin ma sai ya zama ƙaiƙayi koma kan masheƙiya, tunda ya tilasta wa Aisland ta nemi kasuwannin da suka raba ta da dogaro da Birtaniya.

Binciken masana bai yi nisa da wannan ba. Nazarin da Hufbauer da Schott da Elliott suka yi a kan takunkumai fiye da 100 na ƙarni na 20 ya sami nasara a kusan kashi ɗaya cikin uku, Robert Pape kuma da ya sake bin diddiginsu a 1997 ya ce waɗanda za a kira nasara ta gaskiya ba su wuce 5 ba. Duk da wannan saɓani, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa gwargwadon girman abin da ake nema, gwargwadon raguwar damar samun sa, kuma babu abin da ya kai sallama yanki girma.

Akwai wani gefe na lamarin da masu kiran a sanya takunkumi ke yawan mantawa, shi ne cewa a rikicin teku mai ƙarfi ne ya fi amfani da makamin tattalin arziki, kuma yakan yi hakan ba tare da ya kira shi takunkumi ba. A 2012, lokacin da jiragen Sin da na Filifins suka yi cirko-cirko a tudun Scarborough da ke Tekun Kudancin Sin, kwatsam jami'an kwastan na Sin suka ce sun ga ƙwari a ayabar Filifins, kwantenoni suka yi ta ruɓewa a tashoshin jiragen ruwa, kamfanonin yawon buɗe ido suka dakatar da kai baƙi, manoman Mindanao, a kudancin Filifins, da ba su san hawa ba su san sauka ba suka ɗauki asarar. A 2010, bayan Japan ta tsare kyaftin ɗin wani jirgin kamun kifi na Sin kusa da tsibiran Senkaku, waɗanda Sin ke kira Diaoyu, jigilar ma'adanan nan masu wuyar samu da ake ƙera maganaɗisu da kayan lantarki da su ta tsaya cak zuwa Japan na wasu makonni, ko da yake Beijing ta musanta cewa ta ba da umarni. An saki kyaftin ɗin, amma Japan ba ta sauya matsayinta a kan tsibiran ba, sai ma ta zuba kuɗi a kamfanin Lynas na Ostireliya don rage dogaro da Sin. Biyetnam kuwa, a 2017 da 2018, ta umarci kamfanin mai na Sifaniya, Repsol, ya dakatar da haƙa a ruwan da take ɗauka nata ne bayan matsin lamba daga Sin. Saboda haka ƙaramar ƙasar da ke roƙon ƙawayenta su hukunta babbar maƙwabciyarta sai ta fara lissafa wanda zai sha ramuwa, domin ƙawayen suna nesa, ita ce ke kusa. Wannan lissafin ne ya sa Shugaba Duterte na Filifins ya ajiye hukuncin 2016 a gefe ya tafi Beijing a watan Oktoba na shekarar, ya dawo da alƙawuran jari da buɗe kasuwar ayaba, matakin da magajinsa Marcos ya juya wa baya.

Inda matsin tattalin arziki ke da haƙora da gaske shi ne a wuyan kamfanoni. Haƙar mai a ruwa mai zurfi aiki ne da ke cin ɗaruruwan miliyoyin dala, yana buƙatar jiragen haƙa da ba su da yawa a duniya, da inshora, da rancen banki, da masu saye da za su karɓi abin da aka haƙo ba tare da tsoron shari'a ba. Kamfanin da ke da hannun jari a kasuwannin Landan ko New York ba zai jefa kansa cikin jerin waɗanda aka haramta mu'amala da su ba saboda rijiya ɗaya, kuma sau da yawa jita-jitar takunkumi kaɗai ta isa ta sa bankuna su ja da baya. Iyakar wannan makami ita ce ba ya kama ƙasar da ta mallaki kayan aikinta. Sin tana da nata jiragen, Turkiyya ma ta fara sayen nata tun 2017 daidai don kada ta dogara da kamfanonin da za a iya tsoratarwa. Ke nan takunkumin ya fi cizon matsakaita da ƙananan ƙasashe, waɗanda dama su ne suka fi saurin zuwa kotu.

Kotu kuwa, idan ɓangarorin biyu sun yarda da ita, tana yin aikin da ake nema daga takunkumi cikin rahusa. A rikicin Gana da Kwaddibuwa, wani sashe na musamman na kotun dokar teku ya umarci Gana a watan Afrilun 2015 da kada ta fara wata sabuwar haƙa a yankin da ake jayayya, amma ya bar ta ta ci gaba da rijiyoyin da ta riga ta haƙa. Gana da kamfanin mai na Tullow da ke haƙa a wurin suka bi umarnin duk da asarar da ke ciki, a Satumbar 2017 aka ja layin da ya bar filayen man a hannun Gana, Kwaddibuwa kuma ta karɓa. Isra'ila da Lebanon, waɗanda ko hulɗar jakadanci ba su da ita, sun daidaita iyakar tekunsu a Oktobar 2022 bisa shiga tsakanin Amurka, kuma abin da ya ja su shi ne kwaɗayin iskar gas ɗin da babu kamfanin da zai haƙo ta cikin kwanciyar hankali matuƙar layin bai tabbata ba. A nan ma tattalin arziki ne ya yi magana, amma ta fuskar ribar da ke jiran kowa idan an daidaita.

Don haka idan aka nemi shawarata kan ko a sanya takunkumi a wani rikicin teku, abin da zan fara tambaya shi ne ko akwai hukuncin kotu ko wata ƙa'ida bayyananniya da aka karya, domin takunkumin da ke kare hukunci irin na 2016 yana da ƙafar tsayawa da wanda ke kare taswirar ƙawa kawai ba shi da ita. Zan so a faɗi aikin da ake son a daina da sunansa, a ce a janye jirgin haƙa daga wuri kaza, ko jiragen Sin su daina feshin ruwa a kan jiragen da ke kai wa sojojin Filifins abinci a tudun Second Thomas, inda wani sojan ruwansu ya rasa babban yatsa a arangamar Yunin 2024, kuma a sanar da hukuncin tun kafin a aikata, lokacin da mai niyya ke da damar fasawa ba tare da ya ji kunya a gaban jama'arsa ba. Matakin ya sauka a kan kamfanin da ke haƙa da bankin da ke biya da jami'in da ya ba da umarni, kada ya sauka a kan masunta da manoma, domin wahalarsu ba ta sauya ra'ayin gwamnati, sai dai ta ƙara mata magoya baya. Dole ne kuma a rubuta hanyar janye shi a fili, a cika alƙawari idan an bi sharaɗin, saboda ƙasar da ta tabbata cewa ko ta dakata ba za a ɗage mata komai ba, ba ta da dalilin dakatawa. Takunkumin da ya cika waɗannan sharuɗɗa zai iya tsayar da jiragen haƙa ya kuma hana jiragen yaƙi gogar juna na tsawon lokacin da masu shiga tsakani ke buƙata, wanda kan yi tsawo ƙwarai, kamar yadda Norwe da Rasha suka kwashe kimanin shekara 40 suna tattaunawa kafin su raba tekun Barents a 2010, suna kuma gudanar da kamun kifin yankin tare a duk tsawon wannan lokaci.